Daidaita Launin Fenti Tsakanin Mashiga da Falo

Daidaita launin fenti tsakanin mashiga da falo shi ne zaɓen launukan bangayen wuraren biyu ta yadda za su dace da juna a idon mai shigowa. Mashiga ita ce inda baƙo ke fara sa ƙafa, wato zaure ko soro a gidan gargajiya, ko ɗan lungun da ke bayan ƙofar shiga a gidan zamani. Tushen batun shi ne mai tsaye a bakin ƙofa yana ganin bangayen biyu a lokaci guda, don haka ba a yanke wa ɗaya hukunci sai an dubi ɗayan.

A tsohon ginin Hausa wannan damuwa ba ta taso ba. Ana kauce ƙofofin zaure da na shigifa daga saitin juna don kada na waje ya hango tsakar gida. Saboda haka zaure ya samu 'yancin yin ado shi kaɗai, da farar ƙasa a ciki, da yaɓen makuba da zane a fuska, irin wanda ake gani a tsofaffin unguwannin Zariya da Kano da Damagaram. Ginin bulo na zamani, wanda mashigarsa ke buɗewa kai tsaye cikin falo, shi ya haɗa bangayen biyu a gaban ido.

Launi yana sauya kama gwargwadon abin da ke kusa da shi. Michel Eugène Chevreul, masanin sinadarai ɗan Faransa da ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris, ya bayyana wannan a littafin da ya fitar a 1839. An kai masa ƙorafi a kan wasu zarurruka, ya bincika ya tarar rinin ba shi da laifi, launukan da aka jera kusa da su ne ke ruɗin ido. Haka abin yake a bango. Ruwan toka kusa da ruwan goro yakan karkata zuwa shuɗi, ruwan madara kuma kusa da fari fat yakan yi kamar ya yi dauɗa. Wani kuskure da ake yi a gidaje ke nan: a shafa wa mashiga fari mai sirkin shuɗi, a shafa wa falo fari mai sirkin rawaya, bisa zaton duk fari ne.

A tsarin da Ba'amurke Albert Munsell ya gabatar a 1905, launi yana da siffofi uku: jinsinsa, haskensa ko duhunsa, da kaifinsa. Hanya mafi aminci ita ce a riƙe jinsi ɗaya a sauya haske kawai, misali ruwan ƙasa mai haske a mashiga, wanda ya ɗan fi shi duhu a falo. Wasu kamfanonin fenti suna buga lamba daga 0 zuwa 100 a katin samfuri, mai nuna yawan hasken da launin ke mayarwa. Mashiga maras taga tana bukatar lamba mai girma. Idan kuma ana son jinsi biyu, sai launin mashiga ya sake bayyana a labule ko matasan kujerun falo. Masu ƙawata gida suna da ƙa'idar 60-30-10, wato babban launi ya ci kashi 60, na biyu 30, na ado 10. Al'adar sana'a ce, ba dokar kimiyya ba, amma tana hana tarin launuka. Inda za a raba launukan biyu ya kamata ya zama jikin firam ɗin ƙofa ko kusurwar da ta shige ciki. Idan babu ko ɗaya, launi guda ya fi.

Haske ne ke da maganar ƙarshe, kuma a nan shawarwarin da aka rubuta don Turai ba su zauna daidai ba. Can ana cewa ɗakin da ke fuskantar arewa ba ya samun rana sosai. Amma Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta ranar tsaka tana ɗan karkata ne ta arewa. Abin lura a wannan yanki shi ne gabas da yamma, domin falon da tagarsa ke duban yamma yakan cika da jan haske bayan la'asar, ya ƙara wa ruwan goro da ruwan hoda zafi. Da dare kuma ƙwan lantarki mai kelbin 2700 yana ba da haske mai rawaya, mai 6500 yana ba da fari mai sirkin shuɗi. Idan ƙwan mashiga ya saɓa da na falo, fenti ɗaya ma sai ya zama biyu.

Mashiga ta fi falo shan hannu da ƙurar hunturu, shi ya sa ake yawan shafa fentin mai a rabin bangonta na ƙasa, a bar fentin ruwa a sama. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙyallin fentin mai yana sa launi ya fi kaifi, ko da sunansa ɗaya da na falo. Kafin a sayi bokitai, ana shafa samfuri sau biyu a kowane gefen ƙofar, a bari ya bushe, a duba shi da safe da yamma da kuma dare, tare da tayil da kujerun da za su zauna a wurin. Idan mai fenti zai haɗa kala da hannu, ya haɗa adadin da zai ishi wuraren biyu a karo ɗaya, domin haɗi na biyu da wuya ya zo daidai da na farko.