Baka da Kibiya a Ƙasar Kajuru: Awon Nisa a Wurin Maharba

A dazuzzukan da ke kewaye da Kasuwan Magani, maharban Adara da na Hausawa sun daɗe suna farautar gada da mazo da baka. Kibiyar kyauro ba a ɗaura mata gashi, don haka takan kauce idan tazara ta yi yawa. Wannan ya sa gwanintar maharbi ta koma ga sanɗa: yakan fuskanci iska, wani lokaci da kan burtu a goshi, har ya kusanci dabba ƙwarai kafin ya saki tsirkiya. Dafin kwankwani, mai tsayar da zuciya, shi ke ƙarasa aikin ko da raunin ƙarami ne. A 1912 Tremearne ya ambaci kibau masu dafi a Kagoro, kusa da Kafanchan. Da bindigar harba-ka-ruga ta maye gurbin baka, sanɗar ba ta gushe ba, domin ita ma ba ta cin nisa.