Yadda ake sauya wa kwamfutar kwaikwayo mazauni

Kwamfutar kwaikwayo manhaja ce mai aiki tamkar cikakkiyar kwamfuta a cikin wata babbar na'ura.

Tun da kamfanin Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023, ya kuma daina sayar da lasisin dindindin, masu amfani da dama suka fara ƙaura zuwa Proxmox ko Hyper-V.

Kowane dandali da tsarin faifansa: VMDK na VMware, VHDX na Hyper-V, QCOW2 na KVM, wanda Proxmox ke kansa. Manhajar qemu-img tana juya faifan daga wannan tsari zuwa wancan.

Windows kan ƙi tashi idan aka haɗa faifan ta VirtIO babu direbobinsa. Shi ya sa ake ajiye kwafin bayanai, a gwada, kafin a kashe tsohuwar.