Kaskon Da Ya Biyo Mu Daga Katsina Zuwa Azuba

Hunturun bana ne ya tuna mini da kakana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya baro ƙasar Katsina ya sauka Lafiya a jirgin ƙasa don fataucin doya da riɗi, daga baya ya tare a Azuba, bakin hanyar Akwanga. Lokacin ko maganar Jihar Nasarawa babu, sai a 1996 aka cire ta daga Filato.

A garinsu, in ji shi, ba a wasa da sanyin Disamba da Janairu. Gadon ƙasa ake ginawa da rami a ƙarƙashi, bayan sallar isha'i a zuba garwashi, tsoho ya kwana bayansa da ɗumi har asuba. Itace kuwa wuya gare shi, da kara da kashin shanu ake cikawa. Da ya zo nan sai ya tarar sanyin bai kai na can ba, ga daji har bayan gida, ƙirya da marke da kaɗanya ba a cewa komai. Bai gina gadon ba. Kasko kawai ya riƙe, a gefensa muka yi karatun allo, muka gasa doya.

To, jama'a, abin da ba mu lura da shi ba shi ne, kaskon bai canza ba amma ɗakin ya canza. Ɗakin kaka na jinka ne, iska na ratsa ciyawa ta shiga ta fita. Namu na bulo ne da kwano da silin, taga ta gilashi, ga labule. Gawayi kuma ba ya hayaƙin da zai kore ka waje kamar ɗanyen itace, sai dai wata iska mai guba, marar launi marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Ni ganau ne. Wani dare muna samari, ni da ƙanena muka rufe ƙofa da kasko a ciki. Da asuba Inna ce ta jawo mu tsakar gida, kai kamar zai tsage, ga amai. Maƙwabta suka ce iskoki ne, har aka kawo turare.

Dajin ma ya ja baya. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, sannan na fetur a 2023, ga gas ya yi tsada, gidaje da yawa a birane sun koma gawayi. Duk mai bin hanyar Akwanga zuwa Keffi ya ga buhuna jere suna jiran motocin Abuja. Ƙiryar da kaka ke sarowa a bayan gida, yau a leda nake sayen gawayinta.

Kaskon na nan a wurina. A zaure nake hura shi, ƙofa a buɗe, kafin barci kuma in sa yara su fitar da shi waje.