Gayyar Yaran North Side

A shagon mai cajin waya, ran kasuwar Dambatta, na fara jin sunan YNS. Damina ce, mun baro gona da laka a ƙafa, yaron shagon ya tura mini "Da So Samu Ne" a memori. Har muka isa gida a kan babur ban sa wata waƙa ba.

Kafin zuwansu gambarar zamani ta sha wuya a Arewa. A 2009 aka haramta wasu waƙoƙi a Kano, ciki har da "Girgiza Kai" ta Nazir Hausawa, wato Ziriums. Dattawa kuwa kallon kwaikwayon Amurkawa suke yi wa abin gaba ɗaya.

A Kaduna Yaran North Side, wato YNS, suka haɗu, 'yan'uwa da abokan unguwa. Haruna Abdullahi, wanda duniya ta sani da DJ AB, shi ne uwa da makarɓiya: ya haɗa kiɗa a kwamfuta, ya rubuta baiti, ya hau kai da kansa. Ƙaninsa Feezy na waƙa, hannunsa kuma na kan kyamara. Zayn Africa ya zo da murya mai taushi ta soyayya, Geeboy na gefe da nasa salon. Mu da muka tashi a karkara mun gane tsarin tun kallon farko, domin gayya ce. Yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan, ba a ɗauko ɗan ƙodago daga Legas ba. Hausarsu ma ta bakin titi ce, mai zolaya da habaici, irin wadda tsohuwa za ta ji ta yi salati tana murmushi. Waƙoƙin "Kumatu" da "Totally" sun shiga gidajen biki har ƙauyukan Makoɗa da Kunci.

Daga baya kowa ya fi mai da hankali kan sunansa, masu surutu suka ce tafiya ta watse. Ni ban gani haka ba. Gandu in ya yi albarka, dole kowane ɗa ya samu gayaunarsa. A 2021 DJ AB ya fitar da kundin "Supa" ƙarƙashin emPawa, kamfanin Mr Eazi.

Yanzu a garinmu akwai samari uku da suka yi karo-karo suka sayi tsohuwar kwamfuta da makirufo. Ɗaya na kiɗa, ɗaya na baiti, na ukun na ɗaukar bidiyo da waya a bayan rumbuna. Da na tambaye su wa ya koya musu raba aiki haka, YNS suka ce.