Jikin Mutum a Matsayin Ma'auni: Ƙirga da Awo a Ƙasar Zamfara

Masana sun daɗe suna nazarin wasu al'ummu na Papuwa Sabuwar Gini, irin su Oksapmin, waɗanda ke ƙirga da gaɓoɓin jiki. Alal misali, Oksapmin kan fara daga babban yatsa, su bi ta hannu da kafaɗa da kunne, hanci ya zama 14, su gangara ɗaya ɓangaren har 27. To, kafin mu yi mamakinsu, ya kamata mu waiwayi gida.

Bahaushe ma da jikinsa ya fara lissafi. Dani shi ne tsakanin babban yatsa da na tsakiya idan an buɗe su. Kamu kuwa daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsa, da shi masaƙa ke auna ƙyalle. Gaba ita ce tsawon hannuwa biyu a miƙe, da ita ake faɗin zurfin rijiya. Gona kuma da taki ake auna ta, har a farkon mulkin Turawa aka sami malaman taki masu auna gonaki don haraji.

Haka nan ƙirgar kuɗin wuri. A 1851 matafiyi Barth ya ga yadda ake ƙirga shi biyar-biyar a Tasawa, watau adadin yatsun hannu guda. Ashirin ana ce mata hauya, talatin gomiya uku, kafin kalmomin Larabci su maye gurbinsu.

Amfanin wannan awo shi ne kowa yana tafe da ma'auninsa. Mai saye a kasuwar Shinkafi ko ta Zurmi yana iya miƙa hannunsa ya tabbatar, ko da yake kamun dogo ya fi na gajere, sai an yi jayayya.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa bisa sikeli. Daga nan ma'auni ya bar hannun manomi, ya koma hannun mai karanta lambar da manomin bai sani ba. A ganina wannan shi ne babban canjin, domin wanda ba ya iya duba awo sai abin da aka faɗa masa.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai, musamman 'yan Zamfara, su zauna da tsofaffin masaƙa da mahaƙa rijiya idan an je hutu, su rubuta waɗannan kalmomi tun masu su suna da rai. Allah ya sa mu dace.