Rumbun Zamfara da Rundunar Jama'a: Shekarar 1805 a Madubin Yaƙin Rumawa a Italiya

Marubutan ƙagaggun labarai na Turai sun daɗe suna komawa ga ƙarshen zamanin daular Rumawa, domin a wannan zamani mulki da yaƙi da addini suka cakuɗe har raba su ya yi wuya. A 1938 Robert Graves, mutumin Ingila, ya fitar da littafi a kan Belisariyus, sarkin yaƙin Sarki Justiniyan na Ƙusɗanɗiniyya, wanda ya yi mulki daga 527 zuwa 565 Miladiyya. Madogararsa ita ce Prokopiyus, magatakardan Belisariyus, wanda ya bi shi fagen fama. Shi kuwa Prokopiyus tarihi biyu ya bari: na sarari, mai ba da labarin yaƙe-yaƙe, da na ɓoye, wanda ya cika da zagin sarki da matarsa da ubangidansa, ba a kuma buga shi ba sai a 1623, bayan an tsinto shi a ɗakin karatun Fafaroma.

Abin da ya faru a Italiya ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan. Gotawa ne ke mulkin ƙasar, Kiristoci ne amma aƙidarsu ta saɓa wa ta talakawansu, alhali rundunar Justiniyan aƙidarta ɗaya da ta mutanen gari. Saboda haka a watan Disamba na 536 birnin Rum ya buɗe wa Belisariyus ƙofa ba tare da yaƙi ba. Ba a yi nisa ba yunwa ta sauka. Prokopiyus ya ce a lardin Pikenum kaɗai manoma dubu hamsin suka mutu. Masu karɓar haraji suka biyo sahun sojoji, sojojin da ba a biya ba suka koma cin dukiyar waɗanda suka zo ceto. Da Totila ya hau sarautar Gotawa a 541, sai ya tarar da talakawa da yawa sun gaji da 'yan'uwansu na aƙida, a 546 kuma ya karɓe birnin Rum.

Ƙasar Hausa tana da shekara mai kama da wannan, a yankin da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suka ratsa, inda Anka da Gummi da Bukkuyum suke a yau. Kwatancin bai shafi manufa ba, domin tsakanin mai neman maido da daular kakanninsa da mai kiran tajdidin addini akwai tazara mai faɗi. Inda suka yi kama shi ne tambayar da ke fuskantar kowace runduna da ta sauka a ƙasar masoyanta: wa zai ciyar da ita, kuma har yaushe?

Zamfarawa suna da dalilin marabtar duk wani abokin gāban Gobir. Su ne suka ba Gobirawa masauki a gonakin alƙalin Zamfara, wurin da ya zama Alƙalawa, sai baƙo ya yi ƙarfi ya juya wa mai masauki. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Sarkin Zamfara Maroƙi ya gudu Kiyawa, gidan sarauta ya watse zuwa kudu da yamma. A cikin wannan ƙasa mai rauni Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi, daga wajen 1786. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya bayyana a Tazyinul Waraƙat irin jahilcin da suka tarar, da yadda maza da mata ke taruwa sauraro, har wani malami, Mustafa Gwani, ya soki lamarin, aka umarci Abdullahi ya ba shi amsa. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilcin farillansu ya fi cakuɗuwar muni. Ana kuma ruwaito cewa cikin fursunonin da Bawa Jan Gwarzo ya saki bisa roƙon Shehu a Magami akwai Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara. Wato kafin a zare takobi, tsakanin Shehu da Zamfara akwai karatu, akwai kuma bashin alheri.

Hijira zuwa Gudu ta auku a Fabrairun 1804 (1218 Hijiriyya), nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni. A ƙarshen shekarar aka yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka rasa kimanin mutum dubu biyu, ɗari biyu daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Wannan shi ne halin da suka taso da shi a farkon 1805 zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Ya kamata mai karatu ya kawo hoton a ransa: abin da ya sauka ya wuce mayaƙa kawai, al'umma ce ɗungurungum, da mata da yara da tsofaffi da shanu, waɗanda suka rabu da gonakinsu shekara guda, suka iso da rani, lokacin da manomi ke auna abin da ya rage a rumbu yana ƙidaya watannin da suka saura kafin sabon gero.

Daga Sabon Gari aka shirya yaƙin da ya ci Birnin Kabi a watan Afrilu, ƙarƙashin Abdullahi da Aliyu Jedo. Amma a bayan wannan nasara zumunci yana lalacewa. Masu neman abinci suna shiga ƙauyuka, ba kowa ne ke bambance kayan abokin gāba da na mai masauki ba. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisur, bai ɗora laifin duka a kan Zamfarawa ba. Ya yarda cewa mutanensu sun zalunce su, kuma wannan zalunci ne ya sanyaya musu gwiwa har suka juya baya. Samun jagoran yaƙi da zai rubuta irin wannan a kan rundunarsa, shekara bakwai kacal bayan faruwar abin, yayin da waɗanda suka aikata suke raye, abu ne da ba a cika gani ba a tarihin kowace al'umma.

Abin da ya biyo baya mai ɗaci ne. Abarshi ya koma ɓangaren Gobir, aka kai wa garuruwan Zamfara hari, da yawa suka zama kufai, Jama'a kuma ta tashi zuwa Gwandu kafin shekara ta ƙare. A kan hanyar zuwa karon Alwasa rundunar ta auka wa Kwalde, garin da ke cikin amana, shugabanni suna hani ba a saurare su ba. A Alwasa aka sha kashi a hannun taron dangi na Gobirawa da Azbinawa da Kabawa, kuma malaman jihadi sun fahimci wannan rauni a matsayin sakamakon saɓo. Sai a 1806, da Namoda ya karya abokan gāba a Fafara kusa da Zurmi, al'amari ya fara daidaita.

A nan ne mas'alar ta zama ta fiƙihu. Malaman jihadi, bisa amsoshin da Al-Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songai, sun yi hukunci mai tsanani a kan Musulmin da ya taimaki kafirai a kan Musulmi, kuma da wannan hujja ta muwalati Bello ya fuskanci Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Borno a wasiƙunsu. To, yaya matsayin manomin da ya saurari wa'azi a Faru, ya yi maraba da Jama'a, aka kwashe masa rumbu, sannan ya bi sarkinsa zuwa ɗaya ɓangaren? Ƙa'idar a fili take a littafi. Ɗora ta a kan mutum guda, wanda yunwar iyalinsa ta kora, shi ne aikin da ke sa alƙali gumi. Ɗalibin da ya karanta hukuncin bai karanta ikirarin Bello ba, rabin shari'ar ya ji.

Malam Abdullahi bai iya haɗiye abin da ya gani ba. A 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Daga baya, a Tazyinul Waraƙat na 1813, ya zayyana dalilinsa: an rasa nagartattun farko, an bar waɗanda himmarsu ta koma ga sarauta da dawaki da tufafi da tara bayi. Alƙalawa ta riga ta faɗi tun 1808, shi kansa yana riƙe da yammacin daula, amma bai goge wannan suka ba. Prokopiyus ya yabi sarkinsa a sarari ya zage shi a ɓoye, har masu karatu suka rasa wanne za su gaskata. Abdullahi da Bello sun sa nasara da aibi a littafi ɗaya, da sunansu a kai, aka kwafe shi ana karantawa a zaurukan daular da suka kafa.

Ƙagaggen labarin tarihi na Hausa ya fara ne da wata hanya dabam. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, jarumi ne da ke karo da Turawa sannan ya wuce ƙasar aljanu, kuma daɗinsa yana cikin kirari da bajinta. Irin wannan salo ba zai ɗauki 1805 ba, domin a shekarar nan wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin duk sun zauna a majalisin malami ɗaya. Marubucin da zai taɓa ta yana da 'yancin ƙago manomi da matarsa da ɗan rundunar da yunwa ta kai shi bakin rumbunsu, amma ba shi da damar sa wa Shehu ko Abdullahi ko Bello maganar da ba su faɗa ba, ko ya wanke abin da su da kansu suka ƙi wankewa.

Gidan sarautar Zamfara bai ɓace ba. Bayan yawo daga wannan gari zuwa wancan, ya zauna a Anka a rabin farko na ƙarni na 19, ƙarƙashin Sakkwato, kuma har yau Sarkin Zamfara ake ce wa mai sarautar garin, kamar yadda ake cewa Sarkin Mafara a Gummi da Sarkin Danko a Bukkuyum. Ƙauyukan ƙasar Anka irin su Dareta da Bagega, waɗanda duniya ta fara jin sunansu a 2010 saboda gubar dalma da ta kashe yara a wuraren sarrafa zinariya, suna cikin wannan yanki da ya ciyar da Jama'a a shekararta mafi tsanani, sannan ya sha takobinta kafin damina ta wuce.