Yadda ƙungiyar masu zanen jan ƙarfe ta Buruklin ta koma SAGA

Duk sa'ad da gardama ta tashi kan ko hoton da kwamfuta ta fitar ya cancanci rataya kusa da bugun hannu, nakan tuna da SAGA, ƙungiyar masu zanen bugawa ta Amurka. Sau uku tana canza suna, biyu daga ciki kuwa a kan tambaya guda ce: wa za a buɗe wa ƙofa?

Tun 1877 akwai wani kulob na masu wannan sana'a a New York. Amma tushen SAGA a Buruklin yake, a 1915, ta kuma yi baje kolinta na farko a gidan tarihin Buruklin a 1916. Lokacin hanya ɗaya aka sa a gaba. A shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a karce zane da allura, a tsoma a ruwan asid ya cinye gurbin, a cusa tawada, sannan a matse da takarda mai danshi. A 1931 aka cire Buruklin daga sunan, ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

John Taylor Arms, wanda ya daɗe yana shugabancinta, gwani ne na ƙarshe. Da allurar ɗinki da gilashin ƙara girma yake fitar da tsofaffin majami'un Faransa, dutse bayan dutse, har ido ya gaji hannunsa bai gaji ba.

A 1947 sunan ya ƙara tsawo, aka sa masu bugun dutse da masu sassaƙa katako, kafin a taƙaita shi zuwa SAGA a 1952. Wasu na danganta wannan sauyi da Stanley William Hayter, wanda ya kwaso ɗakin aikinsa daga Paris zuwa New York a 1940. Ba a raina tasirinsa, amma ni ban gamsu ba, domin Hayter ma mutumin jan ƙarfe ne. A ganina talauci ne ya buɗe ƙofar. Daga 1935 zuwa 1943 gwamnatin Roosevelt ta ɗauki masu zane aiki, aka buga hotunan ma'aikata da marasa aiki da dutse da katako, aka rarraba a makarantu da asibitoci. Waɗanda suka yi wannan aiki sun yi yawan da ba a iya kau da kai daga gare su.

Arms ya rasu a 1953, shekara guda bayan sunan ƙarshe, kuma da wannan sunan ƙungiyar take amfani har yau.